Kyaftin ɗin 'Yan Juma'a

Da kunnensa na fara lura. Muna fitowa daga masallaci a Madinat Khalifa bayan an idar da sallar Juma'a, wani ƙaton mutum a gabana ya sunkuya yana neman takalminsa, ya maƙale waya a kafaɗa yana magana da Hausa. Kunnensa na hagu ya murɗe ya dunƙule kamar busasshen tumatir. Da ya gama wayar na yi masa sallama, na tambaye shi ko ɗan dambe ne. Ya yi dariya ya ce a'a, ragbi ne ya yi masa haka, wasan nan da gidajen rediyo ke kira zari-ruga.

Sunansa Masahudu Sayibu, haifaffen Nima a birnin Akara. Hausarsa ta zango ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, sai ka ji ya ce "matana ya ce in gaishe ka". Ni kuwa Bakano ne, ina koyar da Turanci a wata kwaleji a nan Doha, saboda haka zan kawo maganganunsa da irin tawa Hausar. Daga ranar muka saba, kuma abin da zan faɗa, wani daga bakinsa na ji, wani daga bakin abokansa, wani kuma da idona na gani.

Mahaifinsa, Alhaji Sayibu, mahauci ne. Tun Masahudu yana ɗan shekara goma sha uku yake tashi da asuba ya bi shi mayanka, ya riƙa saɓo cinyar sa daga mota zuwa rumfa. Nan ya samo faɗin kafaɗarsa. Kamar kowane yaro a Nima ya so ya zama ɗan ƙwallon ƙafa, amma jikinsa ya yi nauyi, kullum a raga ake ajiye shi, a ragar ma ba ya kamawa. Yana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare wani sabon malamin motsa jiki ya zo da wata ƙwallo mai siffar ƙwai, ya jera yara, ya ce wannan a hannu ake ɗaukarta a ruga da ita, kuma duk wanda ya tare ka, kana da izinin ka bi ta kansa. Aka miƙa wa Masahudu. Ya ruga, yara huɗu suka rataya a jikinsa, ya ja su har ƙarshen fili. Ya ce mini ranar ce ta farko da wani ya kalli girman jikinsa bai yi masa dariya ba.

Alhaji Sayibu bai so abin ba. A ganinsa, mutum ya kwana da gajiyar aiki sannan ya je a yi ta kayar da shi a ƙasa ba tare da an yi faɗa ba, wannan ba hankali ba ne. Bai hana shi ba dai, sai ya kafa masa sharaɗi guda: duk ranar da ya makara zuwa mayanka saboda wasa, to ranar ya yi sallama da ƙwallon. Shekara goma sha biyu Masahudu ya yi a ƙarƙashin wannan sharaɗi bai makara ba ko sau ɗaya, sai dai in ya yi tafiya da izini.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe, kuma ana samun maki mafi tsoka ne idan mutum ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dire ta a ƙasa. Akwai lokacin da ƙarfafa takwas na kowane ɓangare ke sarƙe kafaɗu su sunkuya su haɗa kai su yi ta turereniya a kan ƙwallon. Wannan shi ake kira sikiram, kuma shi ke murɗe kunne. Masahudu shi ne na takwas, wanda ke can baya yana riƙe da sauran bakwai ɗin, yana jin ta kafaɗarsa wane ne ya gaji, wane ne ya fara ja da baya.

Yana da shekara ashirin da biyu aka kira shi tawagar ƙasa. Bayan shekara uku aka ba shi kyaftin. Duk lokacin da na so in kambama wannan sai ya tare ni, ya ce kada in ɗauka irin tawagar nan ce da ake gani a talabijin. Su 'yan wasansa direbobi ne da kafintoci da ɗalibai da soja guda biyu. Aikin kyaftin, kafin a zo maganar fili, shi ne ya bi iyayen gidan 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a sake su na mako guda. Sau da yawa a motar safa suke ƙetara iyaka, su kwana biyu a hanya, ƙafafu a kumbure, su sauka su yi wasa washegari. Rigunan tawagar ma a gidansu aka sha wanke su, matarsa Adjara ta shanya su a igiya ɗaya da zannuwanta.

Duk da haka ya riƙe muƙamin shekara uku, ya jagoranci tawagar a wasa goma sha ɗaya, suka ci shida. Akwai wasan da suka yi a gida, wanda aka fi cika fili a zamaninsa. Ana rera taken ƙasa ya hango jar hular mahaifinsa a cikin 'yan kallo, abin da bai taɓa faruwa ba. Da aka tashi Alhaji bai yaba ba, bai kushe ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne me ya sa duk filin ba mai yi wa alƙalin wasa magana sai shi. Masahudu ya bayyana masa cewa doka ce, kyaftin kaɗai ke da bakin magana da alƙali, shi ma cikin ladabi. Tsohon ya jinjina kai ya ce ashe wasan yana da tarbiyya.

Gwiwarsa ta dama ta tafi ne a wani wasan share fage, ba ma babban wasa ba. Ƙafarsa ta kafe a laka, wani ya faɗo masa ta gefe, ya ji ƙara kamar an karya ɗanyen rake. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure, kumburi ya saɓe, ya koma tafiya. Amma duk sanda ya yi gudu ya so ya juya, sai gwiwar ta zame daga ƙarƙashinsa. Ya gwada komawa sau uku. A na ukun koci ya kira shi gefe ya gaya masa gaskiya. A shekara ashirin da takwas ya miƙa kyaftin ga wani. Ba a jima ba Alhaji Sayibu ya rasu, rumfar ta koma hannun yayyensa, kuma ba ta isa ta riƙe gida huɗu ba. A 2017 ya sauka Doha, ya bar Adjara da 'yarsu Adijatu a Nima.

Aikin da ya samu na kula da ciyawa ne, a wani kamfani da ke gyaran filayen wasa a yankin Al Rayyan. Kafin rana ta fito suna kan fili, suna aski, suna ban ruwa, suna cike gurbin da takalman 'yan wasa suka tona. Ya ce bai taɓa ganin ciyawa irin wannan ba, lallausa kamar darduma, shi da ya yi rayuwarsa yana faɗuwa a kan tsakuwa da jar ƙasa. An hana ma'aikata gudu a kanta. Wani lokaci idan ya durƙusa yana gyara, sai ya danna tafin hannunsa a ciki ya ɗan jima.

Shekara uku bai gaya wa kowa ko shi wane ne ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, in ka ce kai kyaftin ɗin ƙasa ne kana riƙe da tiyo, ko dai a ce ƙarya kake, ko a ji tausayinka. Ban ga wanda nake so a ciki ba."

Wanda ya tono shi wani ɗan Kenya ne mai suna Wafula, mai gadi a wani kanti, da aka kawo masaukinsu. Saurayi ne siriri mai gudun tsiya, kuma ya zo da ƙwallon ragbi a jakarsa. Ranar da ya ga kunnen Masahudu bai yi tambaya ba, ya dai jefo masa ƙwallon daga ƙofar ɗaki. Masahudu ya cafe da hannu ɗaya, ya mayar masa da ita tana juyawa kamar an murza igiya. Juma'ar da ta biyo baya da la'asar su shida ne a wani fegi mai yashi bayan masaukin: 'yan Kenya uku, ɗan Uganda, ɗan Siri Lanka, da shi. A Juma'a ta huɗu ya ɗauki ƙwallo ya ruga, ya zo zai kauce wa Wafula, gwiwar ta zame. Su biyar suka ɗauke shi zuwa bakin titi.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke tun da daɗewa, ba ta taɓa haɗuwa ba, sai an yi aiki. Aka yi. Bayan aikin aka tura shi sashen gashi da motsa gaɓoɓi, inda ya faɗa hannun Dakta Safiyyatu, 'yar Zariya, wadda ta shekara goma tana gyaran ƙafafun 'yan wasa. Da ta ga sunansa a kati ta yi masa Hausa. Ta ce masa a shekarunsa, talatin da huɗu, abin da za ta iya yi masa alkawari shi ne zai yi tafiya ba ɗingishi, zai hau bene, zai yi aikinsa. Ya ce shi wasa yake so ya koma. Ta ajiye biro ta dube shi.

"Malam Masahudu, wata goma ne, kullum, ba fashi. Samari 'yan shekara ashirin da ba su da wani aiki sai wannan suna gajiya a wata na huɗu. Kai kuma kana da aikin rana."

"Dakta, ki rubuta mini abin da zan yi. In na gaza, ke za ki fara sani."

Ta rubuta. Shugabansa a wurin aiki ya mayar da shi kan motar askin ciyawa don ya riƙa zama. Da safe kafin motar ma'aikata ta zo yana ɗaga ƙafa da robar motsa jiki ɗaure a ƙarfen gado. Da yamma yana hawa da sauka a matakalar masauki, hawa uku, yana riƙe da bango. Wata uku a kan kujera yake sallah, kuma ya ce wannan ya fi masa ciwo a rai fiye da aikin kansa. Ita Dakta tana auna lanƙwasar gwiwar da wani ma'auni, shi kuwa nasa ma'aunin daban ne: ranar da zai iya zaman tahiya. A wata na biyar ya zauna, da zufa a goshinsa, ya kira Adjara ya gaya mata. Ta yi hamdala, sannan ta ce ita dai ƙafar da zai dawo gida da ita take so, ba ta wasa ba. Ya ce ƙafa ɗaya ce. Ba ta sake hana shi ba, amma har yau ba ta kallon bidiyon wasanninsa.

A wata na bakwai ya yi gaggawa, ya gwada gudu ba da izini ba, gwiwar ta kumbura kamar kwakwa. Dakta Safiyyatu ta yi masa faɗa sosai, ta mayar da shi baya mako shida. Bai musa ba. Wata goma sha ɗaya da rabi bayan aikin ta sa shi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya yi gudu ya juya dama ya juya hagu, sannan ta sa hannu a takarda.

Ya koma fegin yashi ya tarar sun kai ashirin. Juma'a ce kaɗai ranar hutun yawancinsu, shi ya sa suke kiran kansu 'Yan Juma'a. Ba koci, ba tsari, kowa ya ɗauki ƙwallo sai ya ruga shi kaɗai. Ba wanda ya naɗa Masahudu. Ya dai fara tsayar da wasa yana gyara wa mutane tsayuwa, yana koya wa masu nauyi yadda za su sarƙe kafaɗu ba tare da sun karya wuyan juna ba. Da zafi ya shigo ya mayar da atisaye bayan sallar asuba. Shekarar da aka yi gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a nan, aiki ya yi musu yawa, wata biyu ba su haɗu ba, mutane suka watse, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya ya dawo da su.

A lokacin ne Dogara ya shigo, injiniya ɗan Bauchi da ke zaune a Nu'aija, wanda ya yi wasan a jami'a. Kirista ne, yakan fito daga coci ranar Juma'a ya zarce fili. Shi ne ya binciko tsofaffin hotuna ya nuna wa sauran ko wane ne mai gyara musu tsayuwa, daga ranar kuma sunan Masahudu ya ɓace, sai Kyaftin. Dogara ya san takardu, shi ya rubuta wa masu shirya wata gasa ta 'yan sha'awa yana neman a sa 'Yan Juma'a. Amsar ta ɗauki wata huɗu. Suka ce ba su san ƙungiyar ba, kuma wasan yana da haɗari idan mutane ba su san doka ba. Za a haɗa su wasan gwaji da wata tsohuwar ƙungiya, a duba iyawarsu da ɗa'arsu, sannan a yanke.

Wasan ya kama wata Juma'a a watan Disamba, da la'asar, a kan ciyawa ta gaske. Ina wurin. Abokan karawar yawancinsu ma'aikatan ofis ne daga ƙasashe daban-daban, suna da koci da masu jiran canji da akwatin ƙanƙara. 'Yan Juma'a su goma sha bakwai ne, biyu daga cikinsu daga wurin aiki suka zo kai tsaye. Kafin a fara Masahudu ya tara su ya ce abu biyu yake so. Kada kowa ya buɗe baki ga alƙali. Kuma kada kowa ya ɗaga hannu a kan kowa, ko me aka yi masa, domin su waɗancan in an yi faɗa katin kora za a ba su, su kuwa wani zai iya rasa aikinsa a sa shi a jirgi.

An tafi hutun rabin lokaci ana cin su goma sha biyu da uku. Ba su yi abin kunya ba, sai dai tsoro ya sa suna sakin ƙwallo. Minti goma da dawowa aka kayar da Wafula, mutane suka taru a kansa. Da aka watse sai ya miƙe yana riƙe da hannunsa, jini na zuba daga yatsunsa, ya nufi wani dogo mai lamba shida cikin abokan karawar. Daga baya muka ji abin da ya faru: mutumin ya taka masa hannu da gangan, ya kuma ce masa ya koma ya buɗe wa mutane ƙofa, nan ba wurin irinsu ba ne. Mutum uku sun ji. Alƙali bai ji ba, bai gani ba.

Abin da na gani shi ne 'Yan Juma'a sun taso gaba ɗaya. Ban san yadda mai irin nauyin Masahudu ya riga su isa ba. Ya rungume Wafula ta baya ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa na harbin iska, ya juya da shi ya ba abokan hamayya baya, ya fuskanci mutanensa. Kalma ɗaya ya faɗa, ta Larabcin da kowa a filin ya sani, mai nufin ya isa.

"Khalas."

Suka tsaya. Alƙali ya busa, ya ba da bugun laifi a kan 'Yan Juma'a saboda sun taso wa mutum. Na ji ɗan Ugandan nan ya fara magana, da Masahudu ya dube shi sai ya fasa. Sannan ya ajiye Wafula, ya goya hannayensa a baya, ya taka zuwa wurin alƙali. Dogara yana kusa, shi ya gaya mini abin da ya ce: "Yallaɓai, na karɓi hukuncinka. Amma ga hannun ɗan wasana, kuma ga abin da aka gaya masa. Ina roƙon ka yi magana da kyaftin ɗinsu." Alƙalin ya ce ba zai hukunta abin da bai gani ba, amma ya kira ɗaya kyaftin ɗin ya yi masa magana. Waɗancan suka buga bugun laifin ya shiga, suka ƙara maki uku, goma sha biyar da uku.

Aka naɗe wa Wafula yatsu ya ƙi fita. Masahudu ya tara ƙarfafansa bakwai ya ce musu duk wanda ke da fushi ya kawo shi sikiram, nan ne doka ta yarda a huce. Ba a jima ba suka samu sikiram taku biyar daga layin abokan hamayya. Suka tura, waɗancan suka rushe, alƙali ya ce a sake. Suka sake, aka sake rushewa. A karo na uku na ga ƙafar Masahudu ta dama, wadda aka yi wa aiki, ta kafe a ciyawa, bayansa ya miƙe, ya yi wata ƙara daga ƙirji, mutum goma sha shida suka fara tafiya wuri guda a hankali, kamar ana tura motar da ta mutu. Ƙwallon tana tsakanin ƙafafunsa har suka haye layi, ya faɗa a kanta. Direwar ta ba su maki biyar, aka buga bugun ƙari mai maki biyu ya shiga, goma sha biyar da goma.

Ba su ci wasan ba. Waɗancan sun ƙara biyar, sannan saura minti uku Wafula ya karɓi ƙwallo da hannunsa mai bandeji ya wuce mutum uku ya dire ta a kusurwa. Aka tashi ashirin da goma sha biyar.

A al'adar wasan, ƙungiyoyin biyu kan zauna su ci abinci tare bayan an tashi. Kyaftin ɗin waɗancan ya zo da kansa ya ba Wafula haƙuri a gaban kowa, ya ce za su ɗauki mataki. Mai lamba shida bai zo ba, ya shiga motarsa ya tafi. Wafula bai ci komai ba. A motar komawa ya gaya wa Masahudu cewa ya wulaƙanta shi, ya ɗaga shi sama kamar buhu a gaban wanda ya zage shi. Masahudu ya ce ya sani, kuma in an sake zai sake. Juma'a uku Wafula bai zo atisaye ba, ko gaisuwa ba ya amsawa, alhali ɗakunansu na kallon juna.

Na tambayi Masahudu ko abin ya dame shi. Ya ce ƙwarai, domin yaron yana da gaskiya, an zalunce shi kuma ba a hukunta wanda ya yi ba a gabansa. "Amma mahaifiyarsa da ƙannensa uku suna cin abinci da wannan aikin gadin. In ya kai naushi ɗaya, ni zan raka shi filin jirgi. Gara ya yi fushi da ni yana nan."

Wasiƙar ta zo wa Dogara a mako na huɗu: an karɓi 'Yan Juma'a a gasar. Masahudu ya sa aka buga ta a takarda, ya tura ta ƙarƙashin ƙofar Wafula ba tare da ya rubuta komai ba. Juma'ar da ta biyo Wafula ya zo, ya ɗaure takalminsa, ya shiga layi. Ba su taɓa tayar da maganar ba.

Kakar farko sun ci wasa biyu cikin takwas. Matsalarsu ba ta sauya ba: wannan an sauya masa lokacin aiki, wancan kwantiraginsa ya ƙare ya koma gida, wani kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya ce ba ya son ya ji rauni. Masahudu ya koma sana'arsa ta dā, yana sa riga mai tsabta yana zuwa ofis-ofis yana roƙon a saki mutum na awa uku. Kaka ta biyu suka ci biyar, suka ƙare na uku, har da doke ƙungiyar nan da ta gwada su. A wasan ƙarshe ya yi minti sittin ya ɗaga hannu da kansa a canza shi. Gwiwar ba ta zame ba, numfashi ne ya ce ya isa. Yana da shekara talatin da takwas. 'Yan wasa suka kaɗa ƙuri'a, ɗan Siri Lankan nan da aka fara da shi a fegin yashi ya zama kyaftin. Wafula ya koma Kenya ya yi aure, yana turo saƙon murya duk ranar wasa yana tambayar sakamako.

Masahudu yana nan a kamfanin ciyawa, yanzu shi ke kula da mutum goma sha biyu. Yana zuwa gida sau ɗaya a shekara. Abin da ya sa a gaba shi ne ya zama alƙalin wasa mai takarda. Gwajin fili bai ba shi wahala ba, amma akwai jarrabawar rubutu da Turanci, shi kuwa a ƙaramar sakandare ya tsaya. Ya zauna ta a watan Oktoba ya faɗi, maki huɗu kacal suka rage masa ya ci. Ya san amsoshin, tambayoyin ne suke zagaye shi.

Shi ya sa yanzu duk Asabar bayan la'asar yake hawo jirgin ƙasa ya zo gidana da littafin dokoki, wanda ya cika gefensa da fassarar Hausa da jan biro. Maiɗakina takan kawo mana shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, mu zauna a falo. Nakan karanta tambaya, ya maimaita ta a hankali yana bin ta da yatsa, ya faɗa mini da Hausa abin da ya fahimta, sannan ya rubuta amsa. A makon jiya mun makale a kan wata doguwar jimla mai "sai dai idan" har guda biyu a cikinta. Na ce mu bar ta sai wani makon, magariba ta kusa. Ya duba agogo ya ce akwai sauran minti ashirin, jarrabawar kuma watan Maris ce.

"Sake karanto ta, Malam," in ji shi. Na sake karantowa.